Ku Tambayi Kawu: Fentin 'yar motata ya ɓaci, in tsoma ta a tina?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan yawancinsu kan abu ɗaya suka zo, wato ƙananan motocin robar nan na cikin kwali da mutum ke haɗawa da hannunsa ya yi musu fenti, ban san me ya faru ba ko 'yan uwa ne suka dawo hutu da tsaraba, amma dai na ɗauki guda huɗu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu ya gida ya iyali. Ni dai matsala ce ta same ni. Yayana da ke karatu a Faransa ya zo mun da 'yar motar haɗawa ta kamfanin Tamiya, Peugeot 405 ɗin nan mai ruwan ɗorawa ta tseren Paris-Dakar, saboda ya san tun muna yara babanmu ke ba mu labarin yadda motocin nan suke shigowa garinmu sun yi buɗu-buɗu da ƙura. To zumuɗi ya ɗebe ni na sayo fentin mai irin wanda ake yi wa ƙofa na shafa mata da buroshi har sau uku, yau sati biyu kenan tana danƙo, layin ƙofa da na bonet duk sun cike ga shatin yatsana a kan rufin. Wani abokina mai fentin motoci ya ce in kawo ya tsoma ta a tina minti biyar za ta fito fes. In kai ko kar in kai? Ban manna sitikun ba tukuna, gilashin ma yana cikin ledarsa. Daga ɗanka a Agadas.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka kai. In ma ka riga ka ba shi ka ajiye mujallar nan ka hau babur ka je ka karɓo kafin ya buɗe galan ɗin.

Abokinka ba mugunta yake nufi ba, shi da ƙarfe ya saba, ƙarfe kuwa ba ruwansa da tina. Taka motar da wata irin roba aka yi ta wadda ake kira folisitirin, kuma ka san ta ko da ba ka san sunan ba, ita ce dai farar kumfar nan da ake tokare talabijin ko firji da ita a cikin kwali, sai dai ita kumfar an hura mata iska. Ka taɓa ganin masu toshe kwanon ɗaki in yana yoyo, yadda suke jefa kumfar nan cikin fetur ta narke ta zama danƙo? To abin da zai samu motarka kenan a cikin tina. Da tina, da fetur, da abin cire jan farce na mata, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kananzir ma ban yarda da shi ba, ba ya narkar da ita nan take amma yana sa ta yi rauni ta riƙa tsagewa. Ni na taɓa yi ai, shekarun baya, bonet ɗin wata 'yar mota na goga wa tina da tsumma don in cire ɗigon fenti ɗaya tak, kafin in ɗaga hannu zaren tsumman ya manne a jiki, wurin ya yi yamutsa-yamutsa kamar fatar ƙadangare, haka na haƙura da bonet ɗin.

Fenti in ya ɓaci ana wankewa a sake ko sau nawa ne, bodin nan kuwa guda ɗaya ne a kwalin, saboda haka duk abin da za mu yi robar muke lallaɓawa.

Ka yi sa'a ta fuska biyu. Ta farko ba ka manna sitika ba, domin duk abin da zai ci fenti sai ya ci su. Ta biyu fentin da ka shafa na mai ne, shi kuma maganinsa yana nan a kasuwarku, wato sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Mai in ya gamu da soda sabulu yake zama, to haka fentin naka zai yi laushi ya saki jikin motar, ita kuma robar soda ba ta yi mata komai. Turawa kumfar wanke obin, wato murhun gashi, suke fesawa su ƙulle a leda, ita ma ɗin sodar ce a ciki, tsada kawai ta fi.

Ka samu robar abinci mai murfi wadda motar za ta nutse a ciki, tsawonta ai bai kai taƙi ɗaya ba, santimita 18 ne ko kusa da haka. Kar ka kuskura ka yi amfani da tukunyar dalma ko kwanon alminiyom, soda na cin su. Ka zuba ruwa lita ɗaya tukuna, sannan ka riƙa barbaɗa sodar a hankali, ni cokali uku nake sawa. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan soda, in ka juya abin zai iya tafasowa ya fantsamo maka a fuska. Za ka ji robar ta ɗau zafi, to ka bar ta ta huce sarai kafin ka saka motar, ruwan zafi yana lanƙwasa bodi kuma in ya lanƙwashe gilashi ba zai ƙara zama daidai ba. Safar hannu ta roba dole, tabarau dole, ko na masu babur ne. In ta fantsama a ido a yi ta kwarara ruwa na kamar minti 20 sannan a tafi asibiti, ba a jira a ga abin da hali zai yi. Kuma don Allah don Annabi kar a zuba ragowar a gorar ruwa a ajiye, ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, yara da yawa sun ƙone maƙogwaro ta haka a gidajen da ake yin sabulu. Ka rufe, ka rubuta a jiki, ka ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ka bar motar ta kwana a cikin ruwan sodar. Da safe ka sa tsohon buroshin goge baki ka dirza a cikin ruwa, buroshin na ƙasa da ruwan don kar ya yi maka feshi a ido. Tunda hawa uku ka yi mata ba lallai ya fita a karon farko ba, ka mayar ta ƙara kwana, babu abin da zai same ta. Cikin layin ƙofa da ramukan iskar nan na gefe nan fenti ke laɓewa, tsinken sakace za ka sa kana bi a hankali, ban da wuƙa ban da allura a wannan matakin. In ta fita ka wanke da sabulun wanke-wanke ka ɗauraye sosai sosai, domin in soda ta rage a lungu sabon fentin ba zai kama wurin ba. Ka shanya a inuwa. Na ce a inuwa, na san ranar Agadas, kar ka ɗora a kan kwano ko gaban mota ka ce don ta yi saurin bushewa.

Bari in ɗan ratse tunda ka taɓo labarin babanku. Motar nan da ke hannunka ita ce Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci tseren 1990 da ita, shi da abokin tafiyarsa Bruno Berglund, kuma a waccan shekarar ta Libiya suka shigo Nijar suka bi ta Agadas da Tawa da Yamai kafin su faɗa Mali. Shi ne ya ci na 1989 ma da irin wannan motar, lokacin da shugaban tawagarsu Jean Todt ya jefa kwabo sama a garin Gao na ƙasar Mali don a raba gardama tsakanin Vatanen da ɗan tawagarsu Jacky Ickx kan wa za a bari ya ci. A 1988 kuwa yana kan gaba aka sace masa motar sukutum a Bamako, an gano ta daga baya amma lokaci ya ƙure aka fitar da shi. Ka ga ba motar da za a shafa wa fentin ƙofa ba ce.

Yanzu sai sabon fenti. Abin da ya cuce ka da farko kauri ne. Motar nan an rage ta sau 24, to ka lissafa, in fentinka ya kai kaurin rabin milimita kamar an yi wa motar gaske yaɓen milimita 12 ne, ya fi santimita guda, ina layin ƙofa zai tsira? Shi ya sa bodi feshi ake masa, buroshi na kujeru ne da sitiyari da ƙarƙashin mota.

Da farko ka bi jikin da samfefa mai laushi ka jiƙa ta da ruwa, lamba 600 ga ɗan tudun layin nan da injin zuba roba ke bari a gefen rufi da saman fitilu, sannan lamba 1000 ga sauran jiki, shafa kawai ba kankara ba. Masu fentin mota suna da ita, nan abokinka zai yi maka rana. Ka sake wankewa, daga nan kar yatsa ya ƙara taɓa ta, maiƙon hannu yana hana fenti zama. Ka lanƙwasa wayar hanga ka tokare ta ta ciki ka samu abin riƙewa.

Faraima, wato fentin share fage da ake fara fesawa kafin kala, fara za ka sa, ba ruwan toka ba. Ruwan ɗorawa fenti ne mai rauni, duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya nuna, in ka fesa shi kan toka zai fito kamar ɗanyen kore-kore mai datti, kai kuma ka yi ta ƙarawa har ka koma gidan jiya. Su Tamiya suna da gwangwanin wannan kalar daidai, TS-34, amma kar ka sa yayanka wahala, ba a yarda fentin feshi ya hau jirgin sama a jakar fasinja ba, a filin jirgi za su ƙwace. Gwangwanin feshin da ake sayarwa a shagon kayan fenti zai yi, da sharaɗi ɗaya, sai ka gwada. Wasunsu sinadarinsu na da zafi, suna cin roba ta yi ƙuraje. Ka ga sandunan robar nan da kayan motar ke maƙale a jiki, waɗanda kake yankewa ka zubar? Kar ka zubar, robarsu ɗaya da bodin. Ka fesa musu faraima, in ta bushe ka fesa kalar, ka bari ya kwana ka duba. Faraima da kala su zama na kamfani ɗaya in da hali.

Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ba girgizar nan ta sau uku a ce an yi ba. Tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da motar. Ka fara danna kan a gefe, ka wuce ta kan motar, ka saki a ɗaya gefen, kar ka fara ko ka tsaya a kanta, nan ɗigo ke fitowa. Hawan farko raɓa kawai, har kana hango faraimar ta ƙasa zuciyarka tana ce maka bai yi ba ƙara, to kar ka ƙara. Minti 15, ka sake wata raɓar, haka sau uku, na ƙarshe ne za ka ɗan rage sauri har ka ga jikin ya yi sheƙi kamar an jiƙa shi, sai ka cire hannu. Ka kife ta da kwali ko babbar roba ka manta da ita sati guda. Yadda nake ganewa shi ne in kai hanci kusa, in har ina jin warin fenti to bai gama ba.

Sitikun na ruwa ne, ka yanke ɗaya bayan ɗaya ka tsoma a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙu, ka ajiye ta saki da kanta, ka zame ta daga takardar zuwa jikin motar, ka matse ruwan da audugar goge kunne daga tsakiya zuwa gefe. In ka gama ka aiko mana da hoto mu gani, ka kuma nuna wa babanku ya faɗa maka ko kalar ta yi.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Yarona ɗan shekara 13 ne ke haɗa irin motocin nan, kuma na fi so ya yi wannan da ya wuni kan waya. Damuwarsa biyu, bamba da fitilun nan masu ƙyalli kamar azurfa in ya sa gam ba sa kamawa sai su faɗo, sai ya koma sufa gulu, shi kuma ya sa gilashin gaba ya yi fari kamar hazo. Yana ta kuka wai ta lalace. Akwai gyara? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya mana shi. A ce masa ya share hawaye akwai gyara.

Gam ɗin motocin nan ba irin gam ɗin da muka sani ba ne, narkar da fuskar roba biyu yake yi su haɗe su zama ɗaya, kamar walda. Ƙyallin nan kuwa alminiyom ne siriri ƙwarai aka lulluɓe robar da shi, to gam ɗin bai samu roba ba balle ya narkar. Ya sa bakin reza ya kankare daidai inda za a haɗa har sai launin robar ya fito, shi kenan. Haka ma in wurin da fenti.

In kuma ƙyallin gaba ɗaya yake son cirewa, don gaskiya wani lokacin yana yin yawa motar ta koma kamar ta wasan jarirai, ruwan bilicin wanki irin su Hypo ko Jik yana cinye shi, a tsoma a kofin roba a zuba ido za a ga yana ɓacewa, wani cikin 'yan mintuna wani sai ya daɗe. Amma Hajiya wannan ke za ki yi masa ko babansa, kuma bilici shi kaɗai, ba a haɗa shi da sifirit ko ruwan wanke masai ko wani abu, iskar da ke tashi guba ce.

Gilashi kuwa tururin sufa gulu ne ya kwanta a kai. In sama-sama ne, ɗan man goge baki fari a kan tsohuwar singileti a yi ta murzawa a hankali yana fitar da shi. In ya ci ciki sai samfefa lamba 2000 da ruwa, zai ƙara dushewa ya tsorata ku, sannan a bi da man goge bakin har ya washe. A tallabe shi ta baya da yatsa lokacin murzawa domin robar gilashi ta fi ta bodi saurin karyewa, in ta tsage kuma babu dabara. Gaba in zai manna gilashi ya nemi farin gam na kafintoci, ya ɗiga da tsinke, in ya bushe ba a ganinsa, in ya zarce kuma ruwa na goge shi.

TAMBAYA: Oga ni bakanike ne, na ga yadda man birki ke ɗaye fentin mota in ya zuba. Ba zai yi a 'yar motar roba ba? Nawa fentin na gwangwanin Tamiya ne na sa soda kwana uku ko gezau. Daga Kaduna.

AMSA: Injiniya sannu da ƙoƙari. Sodar ba ta yi laifi ba, fentin ne ba nata ba. Na gwangwanin nan ba na mai ba ne, babu abin da zai zama sabulu a cikinsa. Man birki DOT 3 ko DOT 4 yana cire fenti kam, masu wannan harka sun daɗe suna amfani da shi, amma ni ba na so, roba in ta daɗe a ciki tana yin gautsi, ginshiƙan nan sirara da ke riƙe rufi su ne ke fara karyewa, ga shi da wuyar wankewa kuma ba abin zubarwa a kwata ba ne. Ka nemi sifirit mai ƙarfi, wanda ake kira isofurofil mai kashi 91 ko 99, masu gyaran waya na wanke allon waya da shi, masu sayar da sinadarai ma suna da shi. Ka jiƙa a roba mai murfi don yana tsiyayewa a iska, 'yan awanni ka dirza. Nesa da wuta, nesa da mai sigari, ka san halin gareji. Wasu na amfani da Dettol, yana yi, amma sai ka dirje fentin tas kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba ya zama danƙo kamar cingam, ga motar za ta yi wata guda tana warin asibiti.

TAMBAYA: Kawu na bi duk ƙa'ida, na fesa ja ya yi kyau yana sheƙi, bayan minti biyar sai ya dushe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa hoda. Laifin gwangwanin ne? Daga ƙanenka a zangon Kumasi.

AMSA: Ƙanena gwangwaninka lafiya lau, laima ce. Fenti in yana bushewa sanyi yake yi, in iska cike take da danshi sai ruwa ya kwanta a kai ya shige ciki, shi ne farin nan. Ku a can kusan kullum haka iskarku take, saboda haka ban da feshi da sassafe, ban da bayan an ɗauke ruwa, ban da dare, ka jira rana ta ɗaga iska ta bushe. Wannan ɗin ba sai ka wanke ba, ka bar shi kwana biyu, ranar da gari ya yi wasai ka ƙara hawa ɗaya siriri yawanci farin zai ɓace, in ya ƙi ka bi da samfefa 2000 da ruwa ka goge da folish ɗin mota.

Mu nan arewa tamu matsalar kishiyar taku ce. Da hunturu fentin tun a iska yake bushewa kafin ya sauka, sai jikin ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemu, dole mu matso da gwangwanin kusa kaɗan, ga ƙura da ba ta jin magani. Ni abin da nake yi in yayyafa ruwa a tsakar gida, in kwantar da babban kwali a gefensa in fesa a ciki, ina gamawa in rufe bakin. Duk da haka ranar nan na buɗe na tarar da ƙaramin sauro ya kwanta a tsakiyar rufin wata 'yar Datsun da na yi wa kwana huɗu ina lallaɓawa, ƙafafunsa duk sun nutse. Sai da na jira sati na kankare shi da 2000, har yanzu in na karkata ta a hasken taga ina ganin inda fiffikensa ya kwanta.